Rairayi Ya Cinye Rabin Kwalta a Kilomita Talatin da Takwas

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Rabon Kuɗin Hanyoyi,
Sabha.

Daga Chamsoudine Idi Tanout,
Unguwar Hajara, Sabha.

10 ga Fabrairu, 2025.

Game da: Dokar taƙaita kashe kuɗin sufuri, da hana kafa shingen rairayi a hanyar Ghuddwa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ne babba a cikin mutum tara da suka yi shekara goma sha ɗaya suna kafa shinge a gefen hanyar Sabha zuwa Ghuddwa. Shingen na busassun rassan dabino ne, waɗanda a nan ake kira jarid. Mukan jera su ta gefen da iska ke fitowa, su tare rairayi kafin ya hau kwalta. Ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Ranar 1 ga Janairu, 2024, aka karanta mana doka cewa kuɗin sufuri ba za su ƙara fita ba sai don kwalta, tsakuwa da injuna. Ban ƙi dokar ba, na san ɓarnar da aka so a toshe. Amma wanda ya jera sunayen ayyuka ya ga kalmar dabino, sai ya tura mu ɓangaren noma. Ɓangaren noma kuma suka ce su ba ruwansu da hanya, daga nan aka sallame mu daga aiki. Ranka ya daɗe, busasshen reshe ba ya tsiro, ba a taɓa cin dabinonsa ba.

2. Shinge yana son sabuntawa kowace shekara. Da gibli, iskar kudu mai zafi da ƙura, ta taso a watan Afrilu na bara, ta kwantar da tsohon shingen da ke kwanar kilomita talatin da takwas. Tun daga lokacin rairayi ya rufe hannu ɗaya na hanyar, mai tafiya da mai dawowa suna bin hannu guda, a kwanar da direba ba ya hangen gabansa. Sau biyu aka aiko da injin ya ture rairayin, domin doka ta yarda da injin. Ko mako uku ba a yi ba rairayin ya dawo.

3. Ranar 17 ga Oktoba, 2024, da hantsi, motar da ta ɗauko masu tsinkar dabino ta yi karo da kamyo, babbar motar kaya, a wannan kwana. Mutum huɗu suka ji rauni, abokin aikina Barka ya rasu. Ya koma tsinkar dabino ne bayan an sallame mu. Shi ya kafa reshen farko a kwanar nan da hannunsa. Ni na yi masa wanka, na kuma daɗe ina fitar da rairayi daga kunnuwansa. Na yarda ajali ne, amma har yau raina bai daina ɓaci ba.

4. Manoman Ghuddwa sun ba mu dami ɗari huɗu na jarid kyauta. Ranar 2 ga Nuwamba muka fita mu takwas don mu kafa shi saboda Allah, ba mu nemi ko dinari ɗaya ba. Masu sintiri suka tsayar da mu, suka ce ba a taɓa gefen hanya sai da takardar kwangila. A ofishinku kuma aka ce ba a rubuta kwangila a kan aikin da doka ba ta ambata ba. Na zo sau biyar, kowane zuwa an ba ni shayi an ba ni haƙuri.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma, cikin ladabi, ya sa a mayar da shinge cikin jerin ayyukan hanya. Idan wannan zai ɗauki lokaci, a ba mu takarda ɗaya mai hatimi da za ta bar mu mu yi aikin da kanmu kafin ƙarshen wannan wata, domin gibli tana iya tasowa tun a watan Maris. Bintou, matar marigayin, yanzu ita ke bin wannan kwana safe da yamma zuwa gonar dabino inda ta karɓi aikin mijinta, kuma 'ya'yansu uku ba su da kowa sai ita.

Dammunan jarid suna nan jibge a gefen kwanar. Jiya na je na duba su, rairayi ya riga ya binne layin ƙasa.

Na haɗa da fassarar Larabci, wadda maƙwabcina Fathi ya rubuta. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Mai jiran amsarku cikin biyayya,

Chamsoudine Idi Tanout
A madadin mutum takwas da suka rage.