Za Su Sare Tsamiyar, Rahila

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa daga Hanwa, daga ni mahaifiyarki da yayanki Dauda da iyalinsa. Ina fata kina lafiya a can ƙasar kudu inda kika bi tsuntsayenki. Mu jiki lafiya lau, hankali ne bai kwanta ba.

Na buga lambar da kika bari har na gaji. Dauda ya je shagon kwamfuta a Samaru ya aika miki saƙo, shiru. Shi ya sa na kai wannan takarda jarida, ko wani cikin abokan aikinki na jami'a zai gani ya isar miki. Kin san sai da furfura na koyi riƙe biro a ajin matan coci, don haka ba zan yi kwana-kwana ba.

Za su sare tsamiyar gidanmu.

Tun da murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan ba mu huta ba. Kaji suna mutuwa, masu rai kuma ba mai saye. Maman Chinedu da ke sayar da ƙwai a kasuwar Sabon Gari wuni take tana korar ƙuda. Sai aka ji a rediyo wai tsuntsayen da ke yawo ƙasa-ƙasa suna iya ɗauko cutar. To, wa ke Hanwa da bai san gidan da shamuwa ke sauka duk shekara ba?

Maƙwabcinmu Malam Tanko, wanda kajinsa suka ƙare kaf, shi ya zo da mai unguwa. Malam Tanko ya ce, "Maman Dauda, bana baƙinku sai su nemi wani masauki." Na ce ai kajinsa sun mutu shamuwa ba ta ko iso ba. Ya ce, "To, ke likita ce?" Ni ba likita ba ce. Na dai haifi wadda ake kira dakta, ga shi ranar da nake bukatar bakinta ba ta nan.

Ki tuna abin da na sha a kan itacen nan. Duk damina ni ke sharar kashinsu. Ba na shanya a tsakar gida sai a bayan ɗaki. Ki zo da ɗalibanki da dogon tsani, ku hau ku sa wa 'ya'yan shamuwa zobe a ƙafa, ni ina ƙasa ina turara muku dambu. Ban taɓa cewa a'a ba, don kin ce aikinki na shekaru yana kan rassan nan, ta zoben kike gane wadda ta dawo sheƙarta.

Kin bi makarantun firamare kina lallashin yara su ajiye danƙo, kina gaya musu shamuwa ce ke cinye farar da ke ɓata gonar iyayensu. Kin shiga rediyo kin ce namijin ma yana kwanciya a kan ƙwai, ya karɓi matarsa ta je kiwo. Ranar Lahadi matan zumunta suka yi ta tsokanar mazajensu, wai a je a koyi aure wurin shamuwa. Kowa kin yi masa bayani, Rahila, yara da manya. Ni da nake gadin itacen, ni ce ba ki da layi biyu da za ki rubuto mini?

Kada ki ɗauka mutanen unguwa kaɗai ke jin tsoro. Ni ma ina ji. 'Ya'yan Dauda a gindin tsamiyar suke wasa, ƙaramar kuwa duk abin da ta tsinta sai baki. Uwarsu ta ce ranar da shamuwa ta fara sauka za ta kwashe su zuwa gidan iyayenta a Muchia. Ban ga laifinta ba. Da ni ce, haka zan yi.

Ban ce ki dawo gida ba, na daina wannan roƙon. Tambaya ɗaya ce: akwai haɗari ga yaran nan, ko babu? In ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, wannan ma amsa ce. Mai unguwa ya ba ni wa'adi zuwa bayan bikin Ista. Zafi ya kai maƙura, kin kuma fi ni sanin cewa gaban ruwa shamuwa ke zuwa.

Ba na mance ki kina ƙarama, in aike ki niƙa, in fito in tarar da ke kwance a tabarma, ido a sama kina kallon tsuntsaye, kwanon hatsi a gefe kaji suna ci. Na yi ta faɗa a lokacin. Ashe abincinki ne kike kallo. Ba na so in zama wadda za ta rushe miki shi, 'yata.

In kin ce babu komai, zan ajiye kujerata a gindin tsamiyar, mai gatari sai ya fara ɗauke ni. In kin ce akwai, ni da kaina zan kira masu sara, ba kuma zan yi kuka a gaban mutane ba. In kika ci gaba da shiru, jikokina zan zaɓa, kuma kada ki zo daga baya ki tambaye ni dalili.

Ubangiji ya tsare ki a inda kike, ya kawar mana da wannan cuta, ya sa takardar nan ta riga masu gatari.

Mahaifiyarki,
Hannatu, Maman Dauda