Ba Wanda Ya Zo Ya Ce "Ni Ne", Shu'aibu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, daga yayanka Malam Isufu zuwa gare ka, ƙanena Shu'aibu, da ka riga ni komawa ga Ubangiji: aminci ya tabbata gare ka a makwancinka.

Na san takarda ba ta isa kabari. Rayayyu ne sunka gaji da maganata, shi ya sa na juyo gare ka.

Kana tune da shekarar da kumandan, nasaran da ke mulkin ƙasarmu, ya sa anka fasa hanyar mota daga Madawa zuwa Buza. Kai da kanka ka yi dakon duwatsunta, har gashin tsakar kanka ya zube. Ka ce mini: "Yaya, bar nasara ya shata, mu ne za mu taka ta."

Ranar da abin ya faru, ka taso da tumakinka daga rijiya za ku ƙetare hanya, a gangaren da ke fuskantar Tabotaki. Ka ji rugugin kamyo, babbar motar kaya, sai ka yi abin da ka saba yi wa ayarin raƙuma tun kana saurayi: ka tsaya tsakiyar hanya, ka ɗaga sanda, ka yi sallama. Ba madugun da ya taɓa ƙetare sandar dattijo. Kamyo bai tsaya ba, ko bayan da ya taka ka.

Ka san abin da munka karanta a zauren mahaifinmu. Mai jan dabba, da mai kora ta, da wanda ke bisa kanta, duk abin da ta taka yana wuyansu. Kisan kuskure ba ɗaya yake da na ganganci ba, amma yana da mai shi. Kana nan sa'ad da bijimin wani Bafillace ya soke ƙanen babanmu har lahira. Mutumin ya zo da dattawansa, ya tuɓe takalmi tun daga bakin gari, ya zauna a ƙasa. Bai gama magana ba baba ya yafe masa, sunka yi kuka tare.

Ni ma abin da na nema ke nan. Ban nemi ko akuya ba. Na ce matuƙin ya zo ƙofarka, ya ce "ni ne", in yafe masa a madadin gidanmu.

A wurin jana'izarka kowa ya rantse haka za a yi. Sai mai motar ya fara ɗaukar albasa da fatun mutanen gari. Tafiyar da jaki ke kwana a hanya, yanzu ana yin ta tsakanin hantsi da azahar. Daga baya haihuwa ta tsananta wa surukar maigari, anka ɗauke ta a kamyon nan zuwa wurin lokotoro, likitan asibiti, a Madawa, ta rayu ita da jaririnta. Na yi wa Allah godiya, na je suna.

Tun daga nan maganar ta soma sakewa a bakin mutane. Da farko cewa ake matuƙi ya kashe ka. Sai anka koma cewa mota ce ta buge ka, kamar ita ke tuƙa kanta. Sannan anka ce ajali ne. Na yarda ajali ne, Shu'aibu, amma da imani da ƙaddara yana ɗauke alhaki, da ba a naɗa alƙali ba. A ƙarshe liman, wanda kunka yi karatu a allo guda, ya dube ni cikin masallaci ya ce: "Shi ma me ya kai shi tsakiyar hanya?"

Na daɗe ina nazarin mutanenmu. Ba mugaye ba ne. Kowa yana ganin amfanin motar a cikin gidansa, mutuwar kuwa yana zaton gidan wani za ta sauka, kuma ya yarda da hakan tun kafin ya san ko gidan wa.

Bana anka share fili ƙarƙashin gawon bakin kasuwa don kamyo ya riƙa tsayawa. Maigari ya zo zaurena da dattawa, sunka roƙe ni in buɗe wurin da addu'a. Na ce zan yi da zarar matuƙin ya zo ƙofarka, tunda kowace kasuwa yana wucewa ta bayan maƙabarta. Maigari ya sunkuyar da kai ya ce in an matsa masa, mai motar zai mai da tashar wani gari.

Daga Bangi sunka ɗauko wani malami. Ina zaune a zaure ina jin "amin" ɗinsu, ina gane muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Har da ta Hamidu, babban ɗanka.

Kada ka yi fushi da shi, ɗan'uwana. Albasarsa tana ruɓewa a rumfa, ga ƙannensa da ka bar masa. Da yamma ya shigo gaishe ni bai iya ɗaga ido ba, ni ma ban tambaye shi kome ba. Na sa masa albarka, don fuskarka ce da shi.

Matuƙin kuwa ban yafe masa ba. Ba taurin zuciya ba ne. Gafarar tana nan a bakina tun ranar da munka rufe ka, ba wanda ya zo karɓa. In na mutu da ita, zan kawo maka, ka yi yadda ka ga dama.

Allah ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sanya ka cikin shahidai. Ya tsare zuriyarka a kan hanyar nan, ya kuma sada mu a inuwar da ba a tsoron kome.

Wassalamu. Yayanka mai kewarka,
Isufu.