Mahayi Na Goma Sha Biyu

Cikin alhini da kasa zama wuri guda, Ƙungiyar Masu Zanen Karkara ta Gundumar Lipovka ta samu labarin rasuwar dattijonta kuma uban tafiyarta, mai girma Yefim Zakharovich Poluyanov, ranar Talata da hantsi, yana da shekara saba'in da tara.

Shekara hamsin marigayi ya yi yana bin ƙauyukanmu da buroshi a aljihu, yana zana mahaya, masu yankan ciyawa da mata a bakin rijiya, har tsofaffi suna yi masa tsiya cewa akuyar limamin coci ma ba ta tsira daga buroshinsa ba. Shi da ya fi kowa sanin ƙirar doki, sau uku doki yana kayar da shi a gaban jama'a, bai kuma taɓa koyon zama daidai a kan sirdi ba.

Aikinsa na ƙarshe mahaya goma sha biyu ne suna ƙetare kogi. Goma sha ɗaya fuskokin maƙwabtansa ne; na ƙarshen shi ne, ya jingine madubi zai zana kansa, ajali ya riga shi. Yanzu an lulluɓe madubin da ƙyalle kamar yadda aka saba in an yi rasuwa, sai bayan arba'in za a buɗe, mahayin kuwa ba fuska.

Zama uku muka yi, kowanne aka tashi baram-baram, domin wasu daga birni sun dage a ɗauko hotonsa wani ya ƙarasa kafin a rataye zanen. Da muka kai maganar gaban mai ɗakinsa, mai daraja Avdotya Stepanovna, ta daɗe tana duban zanen, sannan ta ce: “Ku bar mini shi haka. Wa kuka taɓa gani ya karkace a kan doki irin wannan in ba Yefim ba?”

Saboda haka ƙungiya tana sanar da jama'a cewa babu buroshin da zai sake taɓa wannan zane.

Muna roƙon Allah Ya ba Avdotya Stepanovna, 'ya'yanta da mutanen Lipovka haƙurin jure wannan rashi, shi kuma Ya ba shi hutun da bai taɓa yarda ya yi ba a duniya.

Sa hannu:
Timofey Gavrilovich Rudnev
Mai Magana da Yawun Ƙungiya