Geron da Ya Riga Na Kowa Nuna

Zuwa ga ƙanena Sale,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Yaya Hajara da yara? Mu muna nan dai, da godiya.

Ka san ni. Rijiyar gidan nan ni na haƙa, shanun huɗa ni na saya, ba wanda ya kama mini. Amma ɗan ƙullin irin gero mai saurin nuna da malamin gona ya ba ni, sai da ya yi sati biyu a aljihuna. Tsoron barin irin Baba nake, alhali shekara biyu yana bushe mana kafin ya yi ido.

Malam Audu maƙwabcinmu ya ce, "Haladu, geron boko za ka ba iyali?" Washegari na shuke gonar gabas da shi.

Ya riga na kowa nuna, don haka tsuntsayen garin kaf a gonata suka sauka. Ni da uwar yara muka yi ta kaɗa gwangwani, muka tsira da dami tara. Sai ruwa ya ɗauke, na mutane ya tsaya a kara. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Na ɗaure nawa na kai rumbu. Jiya Malam Audu ya aiko neman iri, na ba shi.

Ku sa mu a addu'a, ka gaida Kawu Isa. Littafin Baba da ke hannunka, na haihuwa da rasuwa, ka buɗe ka rubuta cewa ni na fara shuka geron nan a garinmu. Ka sa sunana cikakke.

Yayanka,
Haladu