Bangon Ɗakin Inna

Makarantar 'Yan Mata, Ilorin
12 ga Maris, 1978

Zuwa ga Yaya Haladu,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Baba? Ina Adda da yara? Ni lafiya lau, na fara sabawa da abincin nan, ciwon cikin ma da sauƙi.

Dela, 'yar ajinmu, ta dawo daga Kazaure. Ta ce lantarki ya iso unguwarmu, kuma mai haɗa waya zai kafa akwatin wuta a bangon ɗakin marigayiya Inna, wai ya fi ƙwari. Sai an fafe shi, a shafe da siminti.

Yaya, a bangon nan shatin yatsunta yake, na yaɓen da ta yi kafin ta kwanta ciwo. Ba mu da hotonta. Ba zan iya yi wa Baba maganar ba. Ko za a mai da akwatin zaure?

Na san wasiƙa tana daɗewa a hanya, wataƙila ma har kun kunna ƙwai. In haka ne, don Allah ka duba inda aka zubar da ƙasar, ka tsince mini ɓallin da ya rage.

Allah ya sa wutar ta amfane ku.

Ƙanwarka,
Hanne