Cikin Hula a Jikin Bango

Litinin, 13 ga Oktoba, 2014
Wata guda ke nan da Gwaggo Fanna, ƙanwar Baba, ta gudo daga Bama da mata shida. Duk suna gidanmu, suna ɗinkin hula. Wata ƙungiya za ta tara musu dillalan hula na kasuwar Kurmi ran Asabar, amma wai sai an nuna aikin a majigi. In dillalan sun karɓa, za su kama ɗaki nan kusa. In ba su karɓa ba, sai sansanin 'yan gudun hijira. Baba bai faɗa ba, amma gidan ya cika.

Talata, 14
Yaya Lawal ya haɗa shafi ashirin da biyu a kwamfutar abokinsa. Turanci zalla, rubutu ƙanana. Ni zan riƙa danna maɓalli, wai tunda ba ni da baki. Mun gwada a tsakar gida, a shafi na biyar aka fara hamma. Gwaggo ta ce, "Lawal, hula za mu sayar ko shari'a za a yi mana?"

Laraba, 15
Hular da ya sa a shafin farko daga intanet ya ɗauko. Ɗinkin inji ne. Na gani.

Alhamis, 16
An aike ni Kurmi sayen zare. A shinge ɗan sanda ya sa na buɗe jakata daga nesa, mutane suka dare. Yanzu duk mai hijabi da jaka haka ake mata, saboda tsoron bam.
Na tsaya rumfar Alhaji Ɗanladi, babban dillali, na huta. Duk hular da aka miƙo masa ba ya duba fuskarta. Juya ta yake, ya bi cikin da babban yatsa.

Juma'a, 17
Na gaya wa Yaya hular ɗinkin inji ce, kuma dillalai ciki suke dubawa, kaina a ƙasa. Ya ce, "Ke da firamare kawai kika gama?" Gwaggo ta leƙa hoton ta yi salati, ta ce da an nuna wannan da mun tashi maƙaryata.
Mun juya huluna mun ɗauka da wayarsa. Matan sun ƙi a ɗauki fuska, sai hannuwa da allura. Shafi shida ya rage. Yaya yana ta tsaki.

Asabar, 18
An caje kowa a ƙofa. Dillalan suna ta danna waya. Na danna maɓalli, cikin hula ya cika bango. Alhaji Ɗanladi ya tashi ya je har jikin bangon, inuwarsa a kan zaren.
"Wa ya yi wannan? Kwana nawa?"
Hausar Gwaggo ta ɗauke. Yaya yana duba takarda, babu a ciki.
Na ce, "Husaina ce, Alhaji, ɗaya daga cikin matan nan. Kwana goma sha tara."
"Ɗaga murya, 'yata."
Na ɗaga. Suka yi ta tambaya, ina ta amsawa. Sun ce za su fara karɓa.

Lahadi, 19
Su Gwaggo sun tafi duba ɗaki a Jakara. Alhaji ya aiko a kai hulunan ran Alhamis. Yaya ya ce shi zai kai, saboda shinge. Na ce a'a, ni zan je. Ba wai ina so ba ne. Shi dai bai san wace hula ce ta wa ba.