Mu Ne A Kan Rufin Gareji

Tongyeong, 3 ga Afrilu

Zuwa ga Malama Yeom Da-hye, mai shirin "Abin Da Ba A Rubuta Ba",

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da iyayenki. Sunana Pyo Mal-sun, shekarata sittin da takwas, busasshen kifi nake sayarwa a kasuwar bakin teku. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya.

Matar ɗana ce ke kunna mana shirinki na tarihi a waya idan muna rumfa. Jiya ta kunna wanda kika yi kan 'yan matan da suka yi kwandasta a bas-bas ɗin Seoul. Ina cikin auna wa wata mata kifi sai na ji kin ce akwai wani hoto na 1974, 'yan mata biyu a kan rufin gareji, ɗaya ba takalmi a ƙafar hagu, kuma har yau ba wanda ya san sunayensu. Yarinya, ƙafata ce wannan! Na saki kwano, kifi ya watse a ƙasa, na yi ta ihu "Ni ce! Ni ce!" har masu rumfunan kusa suka rugo sun ɗauka wuta ce.

Amma fa kin yi kuskure biyu. Kin ce tuta muke kaɗawa. Wace tuta? Bargon Yaya Gu Jeom-rye ne, ita ce doguwar da ke gefena. Kin kuma ce awa uku muka yi. Tun hudowar rana muka hau, ba a sauko ba sai da yamma ta yi. Mu arba'in da ɗaya muka ƙi fita aiki ranar, saboda kullum idan mun tashi sai a tuɓe mu a caje mu wai ko mun ɓoye kuɗin mota, ƙofa a buɗe, maza na wucewa. Ko bas ɗaya ba ta fita daga garejin ba. Direba ba ya tashi sai ya ji mun bugi jikin mota mun ce "Orai!"

'Ya'yana ba su taɓa sanin na yi wannan aiki ba. A lokacinmu abin kunya ne, maigidana ma har ya rasu aikin masaƙa ya san na yi. Matar ɗana ta saki baki ta ce, "Inna, ke ce kika hau rufi?" Na ce ta tsince min kifina tukuna.

Ki gyara maganar tutar nan. Ki huta lafiya.

Pyo Mal-sun

Seoul, 8 ga Afrilu

Zuwa ga Kaka Pyo Mal-sun,

Ina gaishe ki cikin girmamawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya kasuwa?

Kaka, a tsaye na karanta wasiƙarki a cikin jirgin ƙasa, har na wuce tashata da tasha huɗu! Shekara biyu hoton nan yana manne a bangon ɗakin da nake ɗaukar shiri. Na bi tsofaffin jaridu, na tambayi malaman jami'a, kowa ya ce min in haƙura, irin waɗannan 'yan mata ba a rubuta sunansu. Sai ga ki da kanki, har da gyara min kuskure. Na karɓi gyara da hannu biyu. Bargo ne, ba tuta ba.

Don girman Allah ki ba ni dama in zo Tongyeong da na'urar ɗaukar murya. Ina da tambayoyi sun fi ɗari. Ina takalmin ya tafi? Me kuka ci a saman? Wa ya fara cewa a hau? Jaridar da ta buga hoton layi biyu kawai ta rubuta, cewa an sasanta. Yaya aka sasanta? Kuma ina Kaka Jeom-rye take yanzu? Idan na haɗa ku biyu a shiri ɗaya, ai na gama abin da na zo yi duniya.

Ina jiran amsarki, ko zama na kasa yi. A gaishe min da matar ɗanki, ita ta haɗa mu.

Jikarki,
Da-hye

Tongyeong, 19 ga Afrilu

'Yata Da-hye,

Gaisuwa da fatan alheri. Na daɗe ban amsa ba, ba wai wasiƙarki ba ta iso ba. Tambayarki ta ƙarshe ce ta hana ni ɗaukar biro.

Takalmin a tsani ya faɗi. Ɗanyen dankali biyu muka ci. Yaya Jeom-rye ce ta ce a hau, ni binta kawai na yi, kamar yadda na saba binta tun ranar da na sauka Seoul da ƙullin kayana ina kuka, ta ba ni rabin shimfiɗarta.

Ba a sasanta komai ba. Da rana ta take, manaja ya tsaya a ƙasa da lasifika ya kira sunan babana da sunan ƙauyenmu, ya ce zai aika masa ya zo ya ga 'yarsa. Shekarata goma sha bakwai. Na sauko, na bar ta ita kaɗai. A ofis aka miƙo min takarda cewa ita ce ta zuga mu, na sa hannu. Aka kore ta, aka aika sunanta duk garejin Seoul kada a ɗauke ta aiki. Ina leƙe ta taga ta fita da bargonta a kafaɗa. Tun ranar ban ƙara ganinta ba, ban san ko tana raye ba.

Da na ji shirinki murna ta sa na manta da wannan rabin. Yanzu na tuna. Ki zo da na'urarki. Idan zan faɗi na hau, sai na faɗi yadda na sauko, kuma da sunana, kada ki ɓoye. Na gaya wa ɗana daren jiya muna cin abinci, ya ajiye cokali, ya ce zai ɗauko ki daga tasha.

Sai kin zo.

Mal-sun

Seoul, 12 ga Mayu

Kakata,

Ina gaishe ki, ina kuma godiya da miyar kifin nan, har yanzu ina santinta. Kaka, zauna kafin ki ci gaba da karantawa!

Shirin da muka ɗauka ya fita ranar Talata. Kafin Juma'a mutum dubu ɗari huɗu sun saurara, ni da ban taɓa wuce dubu talatin ba. Wayata ba ta huta ba. Tsofaffin kwandastoci sittin da uku sun kira ni, wasu suna dariya, wasu suna kuka, wata daga Daegu ta buga min tebur ta ce "Orai!" har kunnena ya toshe. Da yawa sun ce sai ranar 'ya'yansu suka sani. Ba zan ɓoye miki ba, akwai masu zagi, amma ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Shekaranjiya wata mata ta shigo ofishinmu ba ko sallama, doguwa, gashi fari fat, makullin mota a hannu. Ta dubi hoton bango ta ce, "Ke ce mai surutun nan? Ba ki iya faɗin sunana ba." Kaka Jeom-rye ce! Tana raye! A Incheon take. Ta ƙi yarda in ɗauki muryarta, ta zauna a teburina ta rubuta wannan takarda da na haɗo miki, ta liƙe da kanta. Ban buɗe ba, kuma ban san abin da ke ciki ba. Fuskarta ba ta nuna min komai ba.

Ki kira ni da zarar kin karanta, ko me ta ce.

Taki,
Da-hye

Seoul, 10 ga Mayu

Ke Mal-sun,

Ina gaisuwa. Ashe ba ki mutu ba.

Ina gidan wanka wata ta kunna abin nan a waya, sai na ji muryarki. Ta tsufa, amma har yanzu kina jan hanci kafin ki yi magana. Na fito da kumfa a kaina.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Ba ke kaɗai kika sa hannu ba, ku tara ne, na ga takardar da idona. Sauran takwas ɗin ban damu da su ba. Naki ne ya ƙona ni, don ke na ɗumama wa ƙafa a lokacin sanyi. Wata bakwai na yi ba aiki. Ƙanena ya bar makaranta ya shiga masana'antar ƙarfe, can ya bar yatsu biyu. Ba zan ce miki ba komai ba, da komai.

Daga baya na ce tunda sun hana ni tsayuwa a ƙofar mota, gaba zan zauna. Na koyi tuƙi. Shekara talatin da ɗaya ina tasi, ban taɓa goge ko kare ba. Ina da 'ya'ya uku, jikoki biyar, da miji ɗaya da ba ya jin magana.

Cikin ku tara, ke kaɗai kika buɗe baki kika faɗa, kuma a kunnen ƙasa gaba ɗaya, shashasha, wa ya aike ki? Sau huɗu na saurara. Ban ce na yafe ba. Sai na ga fuskarki zan san abin da ke cikina. Ranar Asabar zan tuƙo da kaina. Kada ki yi min kuka a kasuwa, kuma kada ki ba ni kifin jiya.

Ki zauna lafiya.

Gu Jeom-rye

Tongyeong, 22 ga Mayu

'Yata Da-hye,

Gaisuwa a gurguje, kasuwa ta cika. Ta zo! Ta faka a inda aka hana fakin, ta tsaya a bakin kasuwa ta ƙwala "Mal-sun!" har tsuntsayen teku suka tashi. Ita da ta hana ni kuka, ita ta riga ni.

Ta ce kwana ɗaya za ta yi, yau kwana shida. Ta raina miyata, ta raina katifata, ta sa ɗana ya canza tayar motarsa. Maganar ƙanenta mun yi ta, ba ta yi daɗi ba, kuma zan je Incheon in gaishe shi. Ta ce ki tara mana matan nan sittin da uku, za ta samo bas ta kai mu yawo, ni ce a ƙofa.

Har yanzu ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Amma ɗazu wani mai sayen kifi ya tambaye ta ko sabuwar 'yar aiki ce, na ji ta ce masa, "Kai, duba ni da kyau. Rumfar ƙanwata ce." Ban juyo ba, na ci gaba da ɗaure leda.

Ki huta lafiya.

Kakarki,
Mal-sun